Allura a Kwandon Shara

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta iya ganin abu a ƙasa ta wuce. Murfin kwalba, maɓalli, guntun alli, duk sai ta cusa a aljihu. Babanta har suna ya sa mata, wai Sarauniyar Tsince-tsince.

Mamanta tana aikin shara da goge-goge a asibiti, a ɗakin maza marasa lafiya. In an tashi daga makaranta, yarinyar takan biya ta zauna a benci a bakin ƙofa, ta jira su tafi gida tare.

Kullum sai Mama ta ce, "Ki zauna nan. Duk abin da kika gani a asibiti na ido ne, ba na hannu ba."

"To, Mama."

Amma wannan "to" ɗin iyakarsa baki.

Wata rana nas ta yi wa wani tsoho allura a jijiya. Gadonsa yana daf da ƙofa. Ba ta gama tattara kayanta ba aka ƙwala mata kira, wai wani ya faɗi a banɗaki. Ta ajiye tire a kan tebur ta ruga. Tsohon kuma ya juya ya fuskanci bango.

Yarinya ta leƙa. Ga sirinjin allurar a tire yana ƙyalli! Wata ƙawarta tana da irinsa, tana fesa wa mutane ruwa da shi. Ta daɗe tana so.

Ta lallaɓa ta ɗauka. Ta cire tsinin allurar, ta naɗe a takardar biskit. Akwai akwati mai ruwan ɗorawa da ake zuba allurai, amma yana can gaban teburin nas-nas, za a gan ta. Sai ta jefa a kwandon shara, ta sa sirinji a aljihu, ta koma benci kamar ba ita ba.

Can sai ga Mama da safar hannu. Ta danna sharar da tafin hannu don ta ɗaure leda.

"Wash!"

Ta zare safar. Jini ya tsattsafo a tafin hannunta.

Nan da nan nas ta ja ta bakin famfo, ta wanke wurin da sabulu. Aka kira likita. Ya dubi allurar, ransa ya ɓaci.

"Wa ya sa wannan a kwando? Kuma wa aka yi wa allura da ita? Dole mu sani, don mu san cutar da za mu nema a jininta."

Yarinya ta ji sirinjin ya yi mata nauyi a aljihu kamar dutse. Ta dubi hannun Mama. Hannun nan ne ke yi mata kitso.

Ta miƙe, ta fito da sirinjin.

"Ni ce. A tiren tsohon can na ɗauka."

"Ke?" in ji Mama.

Nas ta dafe kai. "Ni ma da laifina. Bai kamata in bar ta a tire ba."

Likita ya sa aka jefa sirinjin a akwati, aka wanke wa yarinya hannu. Ya tambayi tsohon ko ya yarda a faɗi ciwonsa.

"Faɗa musu, likita," in ji tsoho. "Ni ma ta allura na same shi. Wani mai yi wa mutane allura a gida ne ya yi mana da guda ɗaya."

Likita ya ce, "Ciwon hanta ne, nau'in C. Ta jini yake shiga. Ɗan jinin da ido ba ya gani ma ya isa. Ba shi da rigakafi, kuma yakan daɗe yana cin hanta mutum bai sani ba."

Yarinya ta fashe da kuka. "Mamata za ta mutu?"

"A'a, 'yata. Ba kowa allura ta soka yake kamuwa ba. In ma an kamu, akwai magani. Amma sai mun yi ta gwaji. Gaskiyar da kika faɗa ta taimake mu."

Jiran nan ya yi tsawo, har aka yi hutu aka koma makaranta. Mama ba ta doki yarinyar ba. Wallahi da dukan ne da ya fi mata sauƙi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da Mama ta ware rezarta da abin yankan farcenta, ta ɗora a saman kabad.

"Kada kowa ya taɓa, sai mun ji sakamako."

Ranar gwajin ƙarshe su uku suka je, har da Baba. Likita ya fito yana murmushi, ya dubi Mama.

"Jininki lafiya lau. Ba ki kamu ba. Tsohon ma maganinsa ya yi aiki."

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba. Yarinya ta ƙanƙame hannun Mama tana hawaye.

Suna fita sai ta hango wata allura a ƙasa, a gindin katanga. Ta tsaya cak, ta mai da hannuwanta baya.

"Kada kowa ya taka nan! Baba, kira nas!"

Baba ya yi dariya. "Ikon Allah! Yau Sarauniyar Tsince-tsince ta sauka daga mulki."

Yara, allurar da aka yi amfani da ita ba abin wasa ba ce. In kun gani, kada ku taɓa, ku kira babba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Wani hannu ne zai zo kwashe sharar, kuma mai hannun mahaifiyar wani ce.