Gadon Halliru da Cikin Barakatu

Ruwan sama na zuba ta rufin bukkar da aka ajiye Barakatu, ita kuwa tana tsugune a lungu da tsohon ciki, tana tuƙa tuwon dusa hawaye na ɗiga cikin tukunya. A shekarar da ake ta zancen mulkin kai, mijinta Halliru ya hau motar gyaɗa daga Fammar zai je Kano. A wata kwana bayan Rano motarsu ta yi gaba da gaba da motar tsakuwa, motar fasinja da ke biye ta zo ta afka musu. Halliru na cikin waɗanda ba su tashi ba. Ko gawarsa ba ta gani ba, hularsa kawai aka kawo mata...

Ba a watse daga zaman makoki ba yayansa Datti ya sanar da mutane cewa Barakatu farar ƙafa gare ta, ita ta ja wa ƙanensa. Da aka ce masa ai tana gida tana surfe lokacin da abin ya faru, sai ya ce irin tata ƙafar daga nesa take aiki. Ya kwashe rumbu, ya kore jaki zuwa turkensa, ya karɓe gona, ya mai da ita bukkar awaki. Har takalman mamacin ya sa, duk da sun matse shi yana tafiya kamar mai taka ƙaya.

Alhaji Ramalan, mai motar gyaɗar, ya zo ta'aziyya da bijimin sa da sabon keke. Datti ya dubi keken, ya share idon da babu hawaye, ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, mun yafe jini duniya da lahira." San ya yanka ya yi kilishi. Keken kuwa bai iya hawa ba, kullum sai an tsamo shi daga cikin kunyoyin gona.

Wata tsohuwa, Iya Jumai, wadda ita ma ɗanta ya rasu a haɗarin, ta leƙo bukkar ta ce, "'Yar nan, kuka ya isa haka. Direbobin an kai su gaban majistare a Kano an ɗaure su saboda ganganci, amma diyya magana ce ta alƙali. Tashi mu je Rano."

"Iya, ai Yaya ya riga ya yafe."

"Jininsa ne da zai yafe? Ɗauki mayafinki."

Suka taka a ƙasa, Barakatu na hutawa gindin kowace ɗorawa tana cewa, "Ya Allah, ba don ni ba, don abin da ke cikina." Alƙali ya saurare ta har ta gama, ya aika aka kirawo Datti, ya tambaye shi da wane matsayi ya yafe.

"Allah ya gafarta Malam, ni ne magaji."

"Ba ka zama ba tukuna," in ji alƙali. "Diyya gado ce, ga ciki kuma. In mace aka haifa kana da rabo. In namiji ne, ko igiyar jakin ba taka ba ce. A jira haihuwa."

Daga ranar Barakatu ta shiga sabuwar wahala. Datti ya bi Madachi da Lausu yana neman wanda zai juya masa ciki ya koma mace. Malamai suka kore shi, sai wani mai magani a kasuwa ya haɗa shi da sassaƙe mai ɗaci, kullum da safe ya tsaya a kanta sai ta shanye. Ya raɗa wa cikin suna Ramatu, ya sayo 'yan kunne. In ya zo wucewa sai ya duƙa ya ce, "Ramatu, kin tashi lafiya?" Barakatu ta sha ɗacin, ta yi amai, ta yi kuka.

Ranar da naƙuda ta zo, Datti ya kasa zaune a zaure. Da ya ji kukan jariri ya leƙa ya ce, "Iya, muryar mace nake ji ko?"

"Namiji ne," in ji Iya Jumai daga ciki.

"A dai ƙara dubawa."

Can sai wani kukan ya tashi. Datti ya miƙe da murna. "To ga Ramatu nan!"

"Shi ma namiji ne."

Sai da aka yayyafa wa Datti ruwa ya farfaɗo.

Kafin suna alƙali ya yanke hukunci. Yafiyar Datti ba ta yi ba, masu motocin uku su haɗu su biya diyyar Halliru ga matarsa da 'ya'yansa, haka ma sauran iyalan. Keke ya koma wurin Alhaji Ramalan. Gona da rumbu da jaki su koma hannun Barakatu, bijimin da aka ci kuma a kamo na noman Datti a maye gurbinsa. Har Datti ya juya zai fita, alƙali ya ce, "Dakata. Tunda kai ne babba a gidan, ragunan suna a kanka suke. Biyu."

Ranar suna Barakatu na zaune a ɗakin mijinta, jariri a kowace cinya. Da liman ya yi addu'a ya ambaci Halliru, ta sunkuyar da kai tana kuka marar sauti, Iya Jumai na shafa mata baya. A ƙofar gida kuwa kukan Datti ya fi na kowa, har baƙi na cewa ba su taɓa ganin mai son ƙanensa haka ba. Mahauci ne kaɗai ya lura cewa tun da aka kayar da rago na biyu ya fara.