Gidan da Ba a Kuka

Auta tana ɗauraye kofunan shayi a kicin ta jiyo Yaya Babba ya fashe da dariya a falo, irin dariyar nan tasa mai fitowa ta hanci.

"Umma, wallahi da kin gani! Ƙato da shi, da gemunsa, ya zauna gaban Abba yana sharɓar hawaye — shaaa! Kamar an kunce famfo!"

Wanda ake wa dariyar saurayin Auta ne, malamin lissafi a sakandaren da ke ƙarshen layinsu. A kantin maganin da Auta take aiki suka haɗu, lokacin da yake zaryar sayen magungunan mahaifiyarsa. Yau ne ya fara zuwa gaishe da Abba. Komai na tafiya daidai har Abba ya tambaye shi iyayensa. Ya ce mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma watan jiya. Daga nan murya ta karye masa, hawaye suka zubo.

Abba kuwa mutum ne da ya yi rayuwarsa tsakanin siminti da rodi a babban shagonsa na kayan gini, har zuciyarsa ta ɗauko halin hajarsa. Abin alfaharinsa shi ne ya binne iyayensa duka biyu idonsa a bushe. A gidansa yaro in ya faɗi ya yi kuka, dukan kukan daban yake sha.

Ya ƙwala wa Auta kira. Ta zo ta durƙusa.

"Wannan ne kika kwaso min?" Ya taɓe baki. "In kin shiga naƙuda wa zai rarrashi wani, ke ko shi? Ba zan ba 'yata mijin da sai an goya shi ba. Kada ya sake tako min gida."

"Abba, mahaifiyarsa ce fa ta..."

"Shi kaɗai aka haifa? Tashi ki ba ni wuri!"

Yaya Babba ya zaro hankici ya miƙa mata yana ƙunshe dariya. "Ungo, kai wa Famfo. Ki ce inji surukinsa."

Ko a fuska Auta ba ta nuna komai ba — 'yar gidan ce. Sai da ta shiga banɗaki ta saki ruwan shawa da ƙarfi, sannan ta toshe baki ta yi kukanta.

Da ta kira malamin a waya, haushinta a kansa ta sauke.

"Haba! Ba za ka iya dannewa na ɗan lokaci ba? Ka ba da ni! Yanzu duk gidanmu kai ne abin dariya."

Ya ce, "Ki yi haƙuri da na jawo miki. Amma ba zan ce miki na ji kunya ba. Uwata ce. Ita ta sayar da keken ɗinkinta na yi karatu."

"To yanzu ya za mu yi?"

"Mu jira. Ba zan ɗauke ki ta bayan fage ba, ba kuma zan fasa ba."

Jiran ya yi tsawo, ya yi ɗaci. Duk sanda aka nuno mai kuka a talabijin, Yaya Babba zai ɗaga murya, "Auta, zo ga mutuminki!" In wayarta ta yi ƙara ya ce, "Ɗauka da sauri kafin ya jiƙa layin." Umma dai ba ta tsawatar masa. Zama da Abba ya koya mata haɗiye magana har ta manta tana da baki.

Ana haka, wata safiya Abba ya yanke jiki ya faɗi a shago yana tsaka da yi wa direba faɗa. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi makonni a asibiti, aka dawo da shi a keken marasa lafiya, hannun hagu a sake, harshe ya yi nauyi.

Sai ga abin da ba wanda ya taɓa zato: Abba ya koma kuka. A miƙa masa ruwa, kuka. A ce masa sannu, kuka — har kafaɗunsa na girgiza. Likita ya ce kada su damu, ciwon kan taɓa wurin da ke riƙe irin wannan a ƙwaƙwalwa.

Yaya Babba bai ji wannan bayanin da kunnen tausayi ba. Ranar da abokan kasuwar Abba suka zo dubiya ya fashe musu da kuka, suna fita Yaya Babba ya tura keken zuwa ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin akwatuna.

"Daga yau duk wanda ya zo, barci yake!" ya ce wa Umma. "So kuke a riƙa yawo da mu a kasuwa? Wannan ai disgiras ne, abin kunya!"

Ya juya kan mahaifinsa, ya riƙe ƙugu. "Haba Abba! Ka daure mana, sai ka ce ƙaramin yaro! Kai fa ka koya mana."

Abba ya buɗe baki, magana ta ƙi fita, sai hawaye. Yaya Babba ya ja tsaki ya fice.

Auta ta so ta rarrashe shi. Ta miƙa hannu za ta dafa kafaɗarsa, hannun ya tsaya a iska — tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Ta gyara masa bargo kawai ta fita a guje.

Rannan da yamma malamin ya zo dubiya. Yaya Babba ya tare ƙofa yana yi masa kallon sama da ƙasa.

"A'a, Famfo! Ka ji labarin an samu ɗan'uwa ko? Ku haɗu ku biyu ku yi mana ambaliya?"

"Matsa ya shiga."

Duk suka waiga. Umma ce tsaye a bayan Yaya Babba, ta kafe shi da ido.

Da Abba ya ga wanda ya shigo, ya juya fuska ga bango, kukan ya ƙwace masa. Malamin bai ce daina ba, bai ce daure ba. Ya zauna a ƙasa kusa da keken, ya riƙe hannun nan da ya mutu har kukan ya lafa da kansa. Sannan ya goge masa fuska ya ce, "Abba, ka ji yadda siminti ya tashi kuwa? Makarantarmu an kasa ƙarasa katanga."

Abba ya juyo a hankali. "Ɓa... ɓarayi ne," ya ce da ƙyar. Rabonsa da haɗa magana tun a asibiti.

Daga nan malamin ya mayar da gidan hanyarsa. In an tashi makaranta zai zo da ƙurar alli a hannun riga, ya ɗaga Abba, su taka tsakar gida kaɗan-kaɗan. Auta na kallonsu ta taga har ita ma hannunta ya koyi dafa kafaɗa. Yaya Babba kuwa in ya wuce sai ya ce, "An samu nas kyauta."

Wata rana suna hutawa a inuwa Abba ya ce, "Ba ka... raina ni ba?"

"Da me, Abba?"

"Likita ya ce... ciwo ne." Ya ja numfashi. "Rabin kukan ciwo ne. Ɗaya rabin... na san na wane ne."

Sai ya ambaci wani suna. Sunan ɗansu ne na biyu, wanda ya rasu yana rarrafe tun kafin a haifi Auta, wanda Abba da kansa ya hana a sake ambatarsa a gidan. Umma na tahowa da tire. Tiren ya suɓuce, kofuna suka tarwatse. Ta durƙushe a wurin ta saki kukan da aka hana ta yi tun rasuwar yaron, Abba na miƙa mata hannunsa mai lafiya yana cewa, "Yafe min... yafe min."

Washegari ya sa aka kira Yaya Babba.

"Na ba shi Auta."

"Abba, ciwo ne ke magana ba kai ba!"

"Ni ne. Kuma... ka mayar da ni falo. Wanda zai yi dariya... ya yi."

Yaya Babba ya tura keken yana ƙunƙuni. Har aka ɗaura aure bai sauko daga dokin rainin nasa ba, ya yi ta yawo cikin jama'a yana yatsina. Ba wanda ya kula shi. Baƙi duk suna wajen Abba suna riƙe masa hannu, wasu manyan 'yan kasuwa ma suna share ido a fakaice.

Haka Allah ya saka wa Auta da mijinta haƙurinsu. Allah bai halicci tausayi da baƙin ciki a zuciyar ɗan Adam don ya ji kunyarsu ba. Da su mutum yake gane ciwon ɗan'uwansa, da su yake sanin lokacin da zai zauna ya riƙe masa hannu. Duk uban da ya kashe su a zuciyar 'ya'yansa ya kuka da kansa, domin ranar da ƙarfinsa ya ƙare, a hannun waɗannan zukatan zai kwanta.