Ranar da Wayar Kaka Ta Tafi Makaranta

A gidan su Auta akwai wata farar waya marar igiya. Tana da mazauni a kan teburin falo, inda take shan caji. Lambobinta manya-manya ne. Shi ya sa Kaka take sonta, don idonta ya yi rauni, ba ta iya latse-latsen wayar hannu.

Kaka tana da ƙanwa ɗaya tak da ta rage mata a duniya. Tana wani gari mai nisa, kuma ta daɗe ba ta da lafiya. Kullum da hantsi sai ta kira wayar nan su gaisa.

Ita kuwa Auta 'yar aji huɗu ce, ga ta da cika baki. Ran nan ta ce wa ƙawayenta, "Ni ma fa ina da waya."

Suka ce, "Ƙarya kike! Kawo mu gani."

Washegari Baba da Mama suka fita aiki da wuri. Kaka tana ɗaki. Auta ta zare wayar ta cusa a jaka, ta kama hanyar makaranta.

Da aka fita hutu, yara suka kewaye ta. Ta danna lambar Mama tana wani ɗaga kai. Shiru. Ta sake dannawa. Ko ƙis! Yara suka fashe da dariya.

Malama ta ji hayaniya ta zo. Ta karɓi wayar ta juya ta.

"Ai wannan wayar gida ce," in ji ta. "Ba ta aiki sai kusa da mazauninta. Da an wuce ƙofar gida, shi ke nan. Wa yake amfani da ita?"

"Kaka."

"To yanzu idan aka kira Kaka fa?"

Wallahi wannan bai taɓa zuwa wa Auta a rai ba.

Ana tashi ta ruga gida. Niyyarta ta lallaɓa ta mayar da wayar ba wanda ya sani. Amma ina! Mama ta dawo tun ɗazu, tana tsaye tana danna madannin nan na mazauni, wanda ke sa wayar kuka in ta ɓata. Auta na sa ƙafa a falo, jakarta ta fara: ƙit! ƙit! ƙit!

Mama ta dube ta, ta dubi jakar.

"Auta, kin san abin da kika yi kuwa? Yau aka shiga da ƙanwar Kaka tiyata. Sau biyar tana kira kafin a shiga da ita. Sai ɗanta ne ya neme ni a wurin aiki."

Kaka tana zaune kusa da teburin, idonta ya yi ja. Ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce, "Ina jin mazaunin yana ta ƙara, 'yar nan. Na san ita ce. Na durƙusa na laluba har ƙarƙashin kujera. Ko kalma ɗaya ban samu na gaya mata ba."

Da dukan Auta aka yi da ya fi mata sauƙi. Auta ta zube gaban Kaka tana kuka.

"Ki yafe mini, Kaka. Nunawa kawai na je yi."

Kaka ta shafa kanta. "Na yafe. Ki yi mata addu'a, an ce har yanzu ba ta farfaɗo ba."

Kwana biyu gidan ba daɗi. Kaka ba ta cin abincin kirki. Ta rungume wayar a cinya, ko ajiyewa ba ta yi. Auta kuwa ko wasa ta daina fita. Tsoro take kada ƙanwar Kaka ta tafi ba su yi sallama ba, saboda ita.

A rana ta biyu wayar ta fara kukan batir.

Auta ta ce, "Kaka, cajinta ya kusa ƙarewa. In ta mutu ba za mu ji kira ba. Kawo in ɗora ta."

"A'a, bar mini ita a nan."

Auta ta yi tunani. Sai ta jawo teburin har jikin kujerar Kaka. Ta ɗora wayar a mazauninta, ta kama hannun Kaka ta aza a kai.

"Kin ji ta nan. Ba inda za ta."

A rana ta uku, Auta ta dawo daga makaranta ke nan, ko takalmi ba ta cire ba, wayar ta yi ƙara. Kaka ta rikice, ta kasa dannawa. Auta ta danna mata, ta ƙara sauti.

Wata siririyar murya ta ce, "Yaya, ni ce. Ina kika shiga ran nan, ina ta kira?"

Kaka ta fashe da kuka. Auta ta matso.

"Ni ce na tafi da wayar makaranta. Ki yafe mini."

Muryar ta yi 'yar dariya. "Ja'ira! Bari in warke in zo in ja kunnenki. Ba ni yayata."

Ranar Kaka ta ci abinci har da neman ƙari.

Tun daga nan Auta ba ta ƙara ɗaukar abin da ba nata ba sai ta tambaya. Ta gane cewa abin da kake ɗauka don burga, wataƙila wani da shi ya dogara.