Hirar da Aka Yi da Mas'uda a Majemar Challawa

Mas'uda Usaini ta bar Ɗorayi bayan sallar la'asar, ranar wata Laraba, ko kuwa Alhamis ce, ranakun sun fara cuɗe mini. Damina dai ta kusa ɗaukewa, kwatocin Challawa sun cika sun tumbatsa. Za ta je a yi hira da ita ne a kan littafinta na farko, wanda ake shirin ƙaddamarwa.

Littafin na mahaifinta ne, marigayi Malam Usaini, wanda ya ƙare ƙarfinsa a wani kamfanin jimar fata, har ruwan jima ya rine masa hannu ya koma shuɗi-shuɗi, sabulu ba ya fitarwa. Mutanen wancan zamani ba su damu da hoto ba. Bai bar ko ɗaya ba. Duk abin da ya rage nasa a duniya yana cikin kan 'yarsa. Ta zuba kaɗan a littafin, amma masu daɗin ta ɓoye wa kanta, don akwai abin da ba a sayarwa.

Mai yin hirar Abdulbaqi ne, ɗan goggonta, taubashinta. A gidan Malam Usaini ya tashi, a kwano ɗaya suka ci tuwo. Yanzu yana da shiri a intanet inda yake hira da marubuta, sai dai masu kallon shirin ba su taka kara sun karya ba.

Kwana da kwanaki yana zuwa gida yana horar da ita, domin Mas'uda mai kunya ce, in aka tambaye ta sai ta sunkuya tana wasa da bakin mayafi.

"Ke dai baiwata, Allah Ya ba ki alƙalami Ya hana ki baki," in ji shi.

"Wa ce baiwarka? Ka manta wa ke wanke maka majina?"

"Na ji. Amma ki riƙe abu biyu. Muryata yanke ta za a yi, don haka ki maimaita tambayar a cikin amsarki. Sannan kada ki yi shiru. Ko tambayar ba ta yi miki ba, amsa tukuna, a gyara daga baya. Mai kallo in ya ji shiru, ya wuce."

Haka ya yi ta jefa mata tambaya tana tuƙa tuwo, tana shara, tana guga, har ta kai bakinta na riga tunaninta amsawa. Ran nan ya yi mata tafi ya ce ta ƙware.

Shi ya zaɓi wurin hirar. Ya ce ba inda ya dace sai majemar da kawunsa Malam Usaini ya yi aiki, wadda aka rufe shekaru da yawa.

Suka bi hanya tsakanin tireloli, motar tana faɗawa rami tana fita. Jiniyar wani kamfani ta yi kuka, ma'aikatan safe suka ɓarko waje riƙe da kulolin abinci. Daga nan suka karya kwana, hayaniyar ta koma bayansu. Wari ya tarye su tun kafin ƙofa, warin ɗanyar fata da ruwan jima da ya daɗe a kwance. Mas'uda ta ji hawaye ya taru mata. Warin rigar babanta ne.

Wani tsohon maigadi, Malam Lawal, ya buɗe musu get. Ya dubi rana, ta yi ja ta sauko. Ya dubi Mas'uda.

"Hajiya, an gaya muku kuwa cewa..."

"Baba, mun riga mun yi magana jiya," Abdulbaqi ya katse shi da dariya. "Yanzu za mu fito."

Tsohon ya ja baya yana motsa baki.

Zauren jimar dogo ne, rufinsa ya huje. Manyan gangunan katako da ake juya fata a ciki suna jere kamar giwaye sun durƙusa. Ruwa na ɗiga a wani wuri. Abdulbaqi ya dasa kyamara, ya ajiye mata kujera a gaban ganga mafi girma, ya maƙala mata makirfo a mayafi, ya sa mata ɗan abin sauraro a kunnen dama.

"Ni ina mota," ya ce. "Ta wannan zan riƙa yi miki tambaya."

"A mota kuma? Ka bar ni ni kaɗai?"

"Hoton ya fi kyau haka. 'Ya ita kaɗai a wurin aikin ubanta. Ga motar can, kina hango ni ta taga."

"Abdul, magariba ta kusa."

"Hasken nan nake so. Matsoraciya kawai."

Ya fita. Takunsa ya yi nisa, ya ɓace.

Muryarsa ta shigo kunnenta, ya tambaye ta abin da ya sa ta rubuta littafin. Ta amsa kamar yadda suka bita. Ya tambayi shekarun da ta ɗauka tana rubutu. Ta amsa. Har ta fara sakin jiki.

Sai ɗigar ruwan ta tsaya.

Wani sanyi ya taso daga ƙasa ya kama mata idon sawu. Warin ya sake. Ba na tsohuwar fata ba ne yanzu, na wadda aka feɗe ɗazu ne, da ɗuminta.

Muryar ta dawo. Ta Abdulbaqi ce, amma a hankali, kuma ba ta jan numfashi tsakanin kalmomi.

"Da wane suna yake kiran ki idan ku biyu ne?"

Wannan ba ta cikin tambayoyin da suka shirya. Sunan ma ba ya cikin littafin. Amma bakin da aka hora bai jira ta ba.

"Sunan da yake kira na idan mu biyu ne shi ne..."

Ta faɗa.

Ta ji kamar an zare mata zare daga tsakiyar kai. Ba zafi. Wuri ne kawai ya zama fanko. Ta nemi sunan da ta faɗa yanzu-yanzu, ta rasa.

"Wace waƙa yake yi in yana wanke hannu?"

"Waƙar da yake yi in yana wanke hannu..."

Ta rera. Baiti biyu ne. Tana kai ƙarshe, suka tafi.

A bayanta, gangar katakon ta yi ƙara. Ƙiii. Kamar an jingina da ita daga ciki.

Tun tana ƙarama kakarta ke ce mata, in magariba ta gabato ba a amsa muryar da ba a ga mai ita ba. Ta san wannan sarai. Duk ɗan unguwa ya sani. Amma wannan ai murya ce da ta sani, kuma an ce mata kada ta yi shiru.

"Abdul," ta ce ƙasa-ƙasa, "mu tsaya haka."

"Me ya ce miki ranar da zai rasu?"

Ta danne leɓɓanta da haƙori. Kalmomin suka turo ta tsakaninsu. Ta ji kanta tana faɗin abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har da yadda ya riƙe mata yatsa.

Shi ma ya tafi.

Gangar ta motsa. A hankali ta fara juyawa, ita da ba ta ga wuta ba shekara da shekaru. Wani abu mai laima yana faɗuwa a cikinta. Tim. Tim.

"Yaya fuskarsa take?"

Tana kuka tana kwatantawa. Goshin, tabon gefen ido, giɓin haƙori. Kowanne ta ambata sai ya goge, kamar allo a hannun mai wanki.

Ta ɗaga ido ta taga.

Ga Abdulbaqi can tsaye jikin mota. Ya dafe abin sauraronsa da hannu biyu. Yana kallon ta.

Bakinsa a rufe yake.

Muryarsa kuwa tana cikin kunnenta.

"Faɗi sunanki, da sunan mahaifiyarki."

Nan ta farga. Mai hira ba ya tambayar sunan uwa. Kowa ya san masu tambayar wannan, da abin da suke yi da shi.

"Sunana Mas'uda," bakinta ya fara, "sunan mahaifiyata..."

Ta cusa mayafi a baki ta cije. Ta fizge abin kunnen ta yi jifa da shi.

Muryar ba ta tafi ba. Ta koma kunnen hagu. Da ɗumin numfashi yanzu, da warin jini.

"Sunan mahaifiyarki."

Ta tashi, kujera ta kife. Ƙasa ta yi santsi, ruwa shuɗi ya malalo daga ƙarƙashin ganga. Ta zame, ta dafa, ta miƙe. Wani abu ya kama bakin mayafinta, ja mai sanyi, ba gaggawa.

Ta sakar masa.

Ta fito da gudu ba takalmi, kai ba lulluɓi. Malam Lawal ya taho da sandarsa yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Daga masallacin direbobin tirela aka ɗaga kiran salla. A cikin zauren, gangar ta yi juyi ɗaya ta tsaya.

Tsohon ya cire rawaninsa ya miƙa mata ta rufe kai, yana kallon gefe.

"Na gaya masa tun jiya," ya ce. "Na ce masu wurin nan tambaya suke yi. Na ce wani ɗan gwangwan mai tsintar ƙarafa ya shiga ya fito bai san hanyar garinsu ba. Sai ya ce ai abin da yake nema ke nan."

Abdulbaqi ya ƙaraso yana haki. Ya wuce ta, ya leƙa zauren, ya ga kyamara na tsaye. Sannan ya juyo.

"Ba ki ji ciwo ba ko?"

"Ka ji muryar?"

Ya sake waiwayar zauren.

"Abdul, ka ji ta?"

"Na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun tambaya ta uku. Wallahi na ɗauka ƙara kawai za a ji, ki ɗan firgita, mutane su kalla. Littafinki nake so ya tafi, Mas'uda."

"Ka ji ina cewa mu tsaya."

"Na ji." Ya sunkuyar da kai. "Amma ba ki ga yadda hoton ya fito ba."

Ta daɗe tana kallon sa. Wannan fuskar kam tana nan, ba a ɗauke mata ita ba. Ta san tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga mangwaro, ta san babanta ne ya goya shi zuwa asibiti, amma ta kasa ganin fuskar mai goyon.

Ba ta shiga motarsa ba. Malam Lawal ne ya raka ta bakin titi ya tsayar mata da adaidaita.

Ba a kwana biyu ba Abdulbaqi ya saki bidiyon, bai nemi izininta ba. Kano ta ɗauka. Littafin ya ƙare a kasuwa kafin ranar ƙaddamarwa, aka sake bugawa. Mas'uda ta kalli bidiyon sau ɗaya, da fatan ta tsinci abin da ta zubar. Ana jin ɗigar ruwa, ana jin kukanta, ana jin ta tana maimaita kowace tambaya. Amma duk inda amsar take, bakinta ne kawai ke motsi. An ce wasu sun yaba wa Abdulbaqi da iya haɗa hoto.

Gidajen rediyo sun yi ta kira, ba ta je ko ɗaya ba. Takan buɗe littafin ta karanta, ta ga labarin wani mutumin kirki mai shuɗin hannu, ta ji tausayin 'yarsa.

Bayan an kwana biyu ta shirya ta tafi Kumbotso wurin goggonta, uwar Abdulbaqi, a ranar da ta tabbata ba ya nan. Ba ta kai ƙara ba. Ta zauna a bakin tabarma, suka gaisa, aka kawo ruwa. Ta daɗe tana juya kofin kafin ta yi magana.

"Goggo, da wane suna Baba yake kira na?"

"Mas'uda mana."

"A'a. Ɗayan. Wanda yake faɗa a hankali."

Tsohuwar ta yi murmushi, ta dafa mata gwiwa.

"Haba 'yar nan. Na sha tambayar sa, ya ce ba nawa ba ne. Wannan ai ku biyu kuka sani."