Wasan Ɓuya a Gidan Kan Tudu

Ana gab da magariba Maman Kurciya ta zagaya bayan kicin don ta kwashe shanya. Kwanansu biyu ke nan da sauka a ƙasar da suka zo hutu.

Mutane in za su hutu waje, otal suke kamawa a tsakiyar gari, kusa da kantuna. Ban da mijinta. Shi mai awon filaye ne, irin mutumin da in ya ga hanya da kwalta sai ransa ya ɓaci. Shi ya lalubo gidan a intanet, tsohon ginin dutse a kan tudu, tafiyar awa guda daga ƙauye mafi kusa. Ba maƙwabci, ba sabis a waya, tagogi duk da ƙarafa. Mai gidan ma ba su sa shi a ido ba, makulli kawai suka tarar a ƙarƙashin tukunyar fure.

"Kin gaji da hayaniyar asibiti," in ji shi, don ita nas ce a sashen yara. "Nan za ki san mene ne shiru." Ta kuwa sani, har ya ishe ta.

Kurciya ce kaɗai 'yarsu, shekararta huɗu, kuma ba abin da take so kamar wasan ɓuya. Da can, da an ce "Ina Kurciya?" sai ta ƙyalƙyale da dariya ta tona kanta. Uban ya zaunar da ita ya koya mata cewa mai ɓuya ba ya amsawa, ko wa ya kira, ko da alewa aka nuna masa. Ta riƙe wannan gam. Abu ɗaya ke fito da ita: uwar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska tana kukan ƙarya, sai yarinyar ta lallaɓo ta share mata hawaye. Sun sha ba baƙi labarin nan suna fariya.

Tana sauke tawul daga igiya ta jiyo mijin a ciki yana ƙirga. "Takwas, tara, goma. To, ga ni nan."

Ta shigo da kaya a kafaɗa. Ƙofar ta rufe kanta a bayanta, ta ɗauka iska ce.

"Yau kam yarinyar nan ta fi ƙarfina," ya ce yana dariya. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan labule, ya leƙa banɗaki. Ita ma ta ajiye kayan ta shiga nema. Ɗaki uku ne da falo, suka bi su sau biyu. A zagaye na uku ba wanda ke dariya.

Ya danna makunnin wuta, ba ta kawo ba, sai ya kunna fitilar wayarsa. Ya je ƙofar waje, ko yarinyar ta fita. Ya murɗa, ya ja, ya sa kafaɗa. Kamar ya tura bango.

Hasken tagogi yana ta ja baya. Wani wari ya fara tasowa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na tsohuwar rijiya.

"Kurciya, an gama wasa. Fito."

Shiru.

"Kurciya, Umma ce. Don Allah ki amsa."

Shiru. Tana nan wani wuri a cikin duhun nan, ta toshe baki da hannu, tana bin abin da aka koya mata. Haushin mijin ya turnuƙe Maman Kurciya, amma tsoro ya fi haushin yawa.

Sai murya ta zo, 'yar siririya.

"Abba, ga ni nan."

A ƙarshen lungu akwai wata gajeriyar ƙofa mai sauka ƙasa. Jiya sun gwada ta, a kulle take. Yanzu ga ta a buɗe kamar faɗin tafin hannu, kuma daga nan warin ke fitowa.

Ya zabura. Ta cafke rigarsa.

"Sake ni. Ba ki ji ta ba?"

"Baban Kurciya," ta ce da raɗa, "ba ta amsawa."

"Tsoro ta ji."

"Ranar da ta ɓuya a kwandon wanki, har fitsari ta yi a wando ba ta amsa ba."

Ya tsaya.

"Umma, zo ki ɗauke ni. Akwai sanyi."

Muryar Kurciya ce sak, sai dai ba a jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Fitilar wayarsa ta yi ja, ta mutu.

Maman Kurciya ta lalubo addu'a, bakinta ya kasa kai ta ƙarshe. Dabara ɗaya ta rage mata. Ta zame ta zauna a tsakiyar lungun, ta rufe fuska. Yau ba sai ta yi na ƙarya ba.

Ta yi kuka.

Can sai takun ƙafa, tsap, tsap, daga wajen kicin.

Sai wani takun, daga wajen gajeriyar ƙofa.

Wani ɗan hannu ya taɓa kumatunta na dama. Wani ya taɓa na hagu.

"Umma, daina kuka, na fito."

"Umma, daina kuka, na fito."

Ba ta ganin ko tafin hannunta. In ta ɗauki wadda ba ita ba, ta bar 'yarta a gidan nan ke nan.

Hannayenta ne suka yi aikin da suka saba. Ta kama wuyan hannun dama, ta kama na hagu, ta ɗora yatsu biyu-biyu a kan jijiya.

Na dama yana bugawa da sauri.

Ta jira na hagu. Ta ƙara dannawa.

Babu.

Ta sungumi ta dama ta miƙe. Abin da ke hagu ya riƙe mata gyale, riƙon da ba na yaro ba, har wuyanta ya shaƙe. Ta sunkuya ta zare kanta ta bar masa.

"Ƙofa," ta ce.

Mijin ya ɗauki bencin falo ya maka wa ƙofar waje, ya sake makawa. A na huɗu sakata ta ɓalle. Suka faɗa motar da suka ɗauko haya, ba takalmi. Allah ya sa fasfo suna cikin motar, sauran kaya kuwa har yau suna can. Ba ta waiwaya ba, amma Kurciya ta leƙa ta gilashin baya tana ɗaga hannu.

"A tukunyar wanki na ɓuya," ta ce. "Abba bai gan ni ba."

Da suka dawo gida aka soke wasan ɓuya. Uban bai ƙara maganar hutu ba, ko a bakin wasa. Uwar ta shiga warware abin da aka koya wa yarinyar, kullum sai ta kira ta sau goma don kawai ta ji "Na'am." Kumatunta na hagu kuwa bai sake yin ɗumi ba, ko a gaban murhu.

Bayan wata biyu, mijin ya tafi awon wani fili mai nisa, aikin mako guda. A rana ta uku, da la'asar sakaliya, ta kira Kurciya ba a amsa ba. Ta same ta cikin durowar kaya, a tsugune tsakanin riguna.

"Ba na hana wasan nan ba?"

"Ba ni na fara ba, Umma," ta ce a hankali. "Ita ce da nema yanzu."

"Wa?"

"Yarinyar can. Tun muna mota ta fara ƙirga. Ɗazu ta gama."

Daga falo aka yi sallama. Muryar mijinta ce sak. Ba ta ji an buɗe ƙofa ba, makullin ma yana ɗaure a bakin zaninta.

"Ina mutanen gidan ne?"

Maman Kurciya ta shiga durowar, ta jawo murfin a hankali. A cikin duhun, 'yar ta ɗora mata ɗan hannunta mai ɗumi a baki.