Siket Mai Karkataccen Baki

"Wash! Wayyo dundunniyata!"

Amarya ce ta sauko da ƙafa daga gado da sassafe, ta ji kamar ta taka ƙusa. Daga tsakar gida surukarta, Inna, ta taɓe baki.

"An fara! Kullum ranar wanki sai ƙafa ta tashi. A gidanku haka ake aure?"

"Yi haƙuri Inna, ga ni nan fitowa."

Mijinta tela ne, shagonsa a zauren gidan yake. Son matarsa yake kamar ransa, ita ma haka. Duk kayan da ke jikinta shi ya ɗinka, tun suna saurayi da budurwa. Sai dai Inna ta riga ta yanke hukunci: in son jikin nan bai ƙare ba kafin sabon wata, Amarya ta tafi gidansu ta huta, hutun da ba a sa masa ranar dawowa.

Amarya ta yi wankin tana ɗingishi, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Da yamma Inna ta zo kwashe shanya, ta ɗaga wani siket, ta ƙura masa ido. Ta ɗaga na biyu, sai ta ƙwala wa ɗanta kira.

"Kai! Zo nan! Lalacin nata har ya shafi hannunka? Dubi baki a karkace, hagu ya fi dama gajarta. Duka haka suke! Wannan ɗinkin ɗana ne?"

Tela ya sosa ƙeya. "Inna, ba kuskure ba ne. A jikinta daidai yake zama."

"Kamar yaya?"

"Tun ranar da na fara sa mata tef na lura ƙafarta ta hagu ba ta kai ta dama ba, da ɗan kaɗan. Shi ne nake kalmashe ɓangaren ta ciki, don kada kowa ya gane."

Amarya ta saki bokiti. "Ni? Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Sori mana, ranki ya daɗe. Tsoro na ji kada ki ji kunya."

"Ka kyauta! Ni ina ta shan man zafi, kai kana ta shan kalmasa!"



Washegari suka tafi asibiti. Likita ta auna, ta sa Amarya ta tsaya, ta tura ɗan katako ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙugu ya daidaita.

"Mai yiwuwa daga nan ciwon yake," in ji ta. "In ƙafafu ba su zo ɗaya ba, nauyi ba ya rabuwa daidai, sai jijiyar tafin ƙafa ta yi ta jan dunduniya. Ba kowa yake damu ba, amma ke ga tsayuwa, ga silifas."

Ta ba ta abin ɗori a cikin takalmi, ta koya mata miƙa ƙafa.

Kafin sabon wata ciwo ya yi sauƙi. Amma da ƙugu ya miƙe, sai siket duka suka karkace a jikinta! Tela ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ran nan Amarya ta fito ta tarar da Inna a kan tabarma, kayan jibge a gabanta, tana warware kalmasa da reza ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, kawo in yi."

"Zauna, 'yar nan, ki huta da ƙafar. Shi wancan mai ɓoye-ɓoyen ya zo ya mayar da ɗinkinsa."

Babba ba ya cewa a yafe masa da baki. Amarya ta gane, ta zauna kusa da ita tana tsince zare.

To, ku ji, yara. Wanda ya ce yana ciwo, a duba kafin a kira shi malalaci. Rufin asiri ƙauna ce, amma ba magani ba ne. Ita kuwa mai haƙuri, ga ta a ɗakinta, tana taka ƙasa da ƙafa biyu.