Sunan da Aka Ba Na'ura

Shekarar ta kuɓuce mini, har da hawan benen. Na dai riƙe cewa a unguwar Mohandessin ne, can ƙasar Larabawa, gidan Alhaji Nata'ala, lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidaje.

Akwai wani wasa a cikin tasa, ba hoto, sai rubutu. Na'urar kan tambayi sunanka, sannan ta ce kana bakin kogo. Ka rubuta "shiga" ko "arewa", ta faɗa maka abin da ka tarar.

Wata magariba ana shirin cin abinci, tsakuwa ta faɗo cikin miya, alhali tagogi a rufe suke. Wata ta biyo. Mardiya, 'yar Alhaji, ta miƙe a hankali, ta ce da muryar tsoho, "Arewa." Ta tafi har ta bugi bango. Ta ja baya, ta sake. Haka kullum in rana ta faɗi, har goshinta ya tsage.

Uwarta, Hajiya Sabuwa, ta aika unguwar Madinat Nasr aka zo da Malam Abdulwahab. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa.

"An shigar mini gida ba sallama. An kashe ɗana a bakin rijiya, an ɗauke fitilarsa. Na tambayi suna, aka rubuta Mardiya."

"Wasa ne fa," in ji Malam.

"A wurinku."

Hajiya ta fashe da kuka. "Wallahi ba ita ba ce!"

Muryar ta ce, "To, tamam. Mai yatsun da suka rubuta ya ce shi ne, in koma kansa. In babu, in tafi da hasken idanunta a madadin fitila."

Ana jin motoci can ƙasa. Alhaji yana jan carbi, kansa a sunkuye.

Malam ya roƙa, ya yi barazana, ya sake roƙo, har aljanin ya sauko zuwa ido ɗaya. Sannan Malam ya dubi maigida.

"Alhaji, me ka ce?"

"Ma'alish, ba komai," in ji Alhaji. "A ba shi."

"Khalas, shi ke nan," in ji muryar.

Mardiya ta yi atishawa ta farfaɗo, tana laluben gefen hagu. "Baba, wa ya kashe wuta ta nan?"

Bayan shekaru na tambayi Hajiya Sabuwa a Kano, ta tabbatar mini: ɗakin kwamfutar kullum a kulle yake, makullin kuma bai taɓa barin aljihun Alhaji ba. Kunyar a ce dattijo yana wasa ce ta hana shi rubuta nasa sunan.